John Martin: Masanin Da Ya Gano Teku Ma Na Fama Da Ƙarancin Ƙarfe

A filinmu na tarihin mashahuran mutane na wannan mako mun ɗauko wani Ba'amurke ne wanda da wuya a sami mutum goma a Nima ko Maamobi da suka taɓa jin sunansa, alhali kuwa aikin da ya yi ya taɓo abubuwa biyu da kowa ya sani a nan birnin Ankara, wato ƙurar hunturu da ke lulluɓe mana gari daga Disamba zuwa Fabrairu, da kuma kifin amane da matan Chorkor ke bandawa a kawo mana kasuwa. Sunan wannan mutum John Holland Martin, masanin kimiyyar teku, wanda ya rasu a shekarar 1993. Shi ne ya tabbatar wa duniya cewa akwai manyan sassan teku da tsirrai ba sa yabanya a cikinsu saboda rashin ɗan ƙanƙanen sinadarin baƙin ƙarfe, irin wanda ake ba masu juna biyu a asibiti idan an ce jininsu ya yi ƙasa.

Haihuwarsa da karatunsa

An haifi John Martin ran 27 ga watan Fabrairu na shekarar 1935 a wani ƙaramin gari mai suna Old Lyme da ke jihar Connecticut, a gabar tekun Atilantika ta gabashin Amurka. Ya taso yaro ne mai ƙarfi da son wasanni, ya kuma shiga Kwalejin Colby da ke jihar Maine. Yana ɗan shekara 19 cutar shan inna ta kama shi, a daidai lokacin da allurar rigakafinta ba ta riga ta bazu ba, domin sai a 1955 aka fara yi wa jama'a ita gadan-gadan a Amurka. Ya tashi daga jinyar, amma cutar ta bar masa nakasa a jiki wadda ya rayu da ita har ƙarshen ransa.

Wannan bai hana shi komawa makaranta ba. Ya kammala digirinsa na farko a Colby a 1959, sannan ya wuce Jami'ar Rhode Island inda ya karanci kimiyyar teku, ya sami digirin digirgir a 1966. Daga nan ya yi aiki a cibiyar binciken nukiliya da ke tsibirin Puerto Rico, inda aka ɗora masa auna sinadaran da ke jikin ƙananan halittun ruwa. A farkon shekarun 1970 ya koma jihar Kalifoniya, ya ɗan taɓa aiki a tashar binciken teku ta Hopkins mallakar Jami'ar Stanford, kafin ya koma cibiyar Moss Landing da ke bakin mashigin Monterey. A 1976 aka naɗa shi shugaban cibiyar, kuma a kan wannan kujera ya zauna har rasuwarsa.

Ciyawar teku da ido ba ya gani

Kafin mu ci gaba, ya kamata mu yi wa mai karatu bayanin abin da Martin ya ƙarar da rayuwarsa a kai. A saman ruwan teku, iyakar inda hasken rana ke kaiwa, akwai wasu tsirrai ƙanana ƙwarai waɗanda sai da madubin likita ake ganinsu. Masana na kiransu fitofilankiton, mu kuwa za mu iya ce musu ciyawar teku, domin dangin gansakukar nan ce da ke sa ruwan kududdufi ya zama kore. Kamar sauran tsirrai, suna zuƙar iskar kabon su fitar da iskar oksijin da muke shaƙa, kuma kusan rabin irin wannan aiki da ake yi a duk duniya su ke yin sa, sauran rabin kuwa dazuzzuka da gonaki da ciyayin tudu. Su ne abincin ƙananan ƙwarin ruwa, ƙwarin su ne abincin amane, amane kuma shi ne abincin manyan kifaye da mu kanmu. Duk garin kifin da ke cikin shiton da muke zubawa a kan wake da shinkafa, asalinsa daga wannan ciyawa ne.

Ita ma ciyawar teku tana buƙatar taki. Manyan abubuwan da take nema su ne naitiret da fosfet, irin waɗanda manomi ke saye a buhun takin zamani. Waɗannan sinadarai sun fi taruwa a can ƙarƙashin teku, sai fa inda ruwan ƙasa ya taso sama. Abin da ke faruwa ke nan a gabar tekun Ghana tsakanin Yuli da Satumba: ruwan sanyi mai taki yakan taso, ciyawar ta yi yawa, amane ya cika jiragen masunta a Jamestown da Tema da Elmina, ya yi araha a daidai lokacin da maƙwabtanmu Ga ke bikin Homowo.

To sai dai akwai wani abu da ya daɗe yana ɗaure wa masana kai. A wasu manyan wurare uku, wato tekun da ya kewaye nahiyar Antatika, da arewacin tekun Fasifik wajen Alaska, da kuma tsakiyar Fasifik ɗin ta wajen tsibiran Galapagos, takin yana nan jibge a saman ruwa shekara da shekaru, amma ciyawar ba ta taka kara ta karya ba. Waɗannan wurare kuwa sun kai kimanin kashi ɗaya cikin uku na tekun duniya. Wasu suka ce sanyi ne, wasu suka ce ƙarancin hasken rana ne, wasu kuma suka ce ƙwarin ruwa ne ke cinye ciyawar tun ba ta yi yawa ba. Tun a shekarun 1930 wani ɗan ƙasar Norway mai suna Haaken Gran da wani Bature ɗan Ingila T. J. Hart sun yi zaton ko rashin ƙarfe ne, amma babu wanda ya iya tabbatarwa, domin duk sa'ad da aka auna ruwan teku sai a ga ƙarfe ya ishi kowa.

Yaƙi da datti

Gudunmawar Martin ta farko ita ce gano cewa awon ne ke da matsala. Jirgin da ake shiga a ɗebo ruwan na ƙarfe ne, igiyar da ake zura kwalba da ita ta ƙarfe ce, fentin jirgi da hayaƙinsa da tsatsar da ke jikinsa duk suna zubar da ƙarfe, har ƙurar da ke jikin rigar mai awon ma tana ɗauke da shi. Ashe abin da masana suka yi shekaru suna aunawa dattin kayan aikinsu ne. Wani masani a Kalifoniya, Clair Patterson, ya riga ya nuna irin wannan kuskure game da awon dalma, sai Martin da wasu takwarorinsa irin su Kenneth Bruland suka ɗauki wannan darasi suka kai shi teku.

Suka daina amfani da igiyar ƙarfe suka koma ta zaren roba mai ƙarfi. Kwalaben ɗiban ruwa suka zama na roba, ana jiƙa su cikin ruwan asid na tsawon kwanaki kafin a taɓa su. A cikin jirgi aka keɓe ɗaki mai tace iska, wanda ba a shigarsa sai da safar hannu da tufafi na musamman. Da aka sake awo ta wannan hanya, sai adadin ƙarfen da ake zato ya faɗi warwas. A wasu wuraren abin da ke narke a saman ruwa ba ya kai giram guda a cikin lita miliyan 100.

Mai karatu zai iya tambaya, yaya aka yi ƙarfe, wanda ya cika ƙasa har jar ƙasarmu ta samo launinta daga gare shi, ya yi wuya haka a teku? Amsar tana cikin tsatsa. Duk wanda ya bar wuƙa a cikin ruwa ya san abin da ke faruwa. Ruwan teku na ɗauke da oksijin, don haka da zarar ƙarfe ya narke a cikinsa sai ya rikiɗe ya koma wani nau'i mai kama da tsatsa wanda ba ya zama a narke, ya manne wa ɓurɓushin da ke yawo a ruwa ya nutse ƙasa. A kusa da gaba, koguna da laka suna ta kawo sabo. A tsakiyar teku kuwa, nesa da kowace ƙasa, babbar hanyar samunsa daga sama ita ce ƙurar da iska ke kwasowa daga hamada. Wuraren nan uku da muka ambata duk sun yi nisa da manyan hamadu.

Ciyawar kuwa ba ta iya rayuwa ba tare da shi ba. Da ƙarfe take sarrafa hasken rana, da shi kuma take juya naitiret ya zama abin gina jiki. Ke nan ko da taki ya kai yawan rairayi, in babu ƙarfe ba ta da yadda za ta ci shi, kamar mai hatsi cike da rumbu amma babu wutar girki.

Gwajin kwalabe

Saboda yanayin jikinsa, akasarin aikin cikin jirgi abokan aikinsa ne suka riƙa yi, musamman Steve Fitzwater da Michael Gordon, shi kuma yana tsara gwaji da nazarin sakamako. A 1987 suka ɗebi ruwa a arewacin Fasifik suka rarraba cikin kwalabe masu tsabta. Wasu aka ɗiga musu ƙarfe kaɗan, wasu aka bar su haka nan, aka ajiye su duka a hasken rana. Bayan 'yan kwanaki ciyawar da ke kwalaben da aka sa wa ƙarfe ta hayayyafa ta cinye naitiret ɗin da ke ciki, ta sauran kwalaben kuwa ba ta yi wani abin kirki ba. Martin da Fitzwater suka buga wannan sakamako a mujallar Nature a 1988. Daga baya aka maimaita gwajin a tekun Antatika da tsakiyar Fasifik, aka ga abu iri ɗaya.

Tun kafin wannan ma Martin ya riga ya yi suna a wani fannin. A ƙarƙashin wani shirin bincike da ya jagoranta a shekarun 1980, an rataye tarkuna a zurfi daban-daban don tare ɓurɓushin matattun halittu da ke nutsewa. A 1987 shi da abokansa suka fitar da lissafin da ya nuna cewa daga cikin kabon ɗin da ya wuce zurfin mita 100, ƙasa da kashi 15 cikin 100 ne ke isa zurfin mita 1,000, sauran duk yakan ruɓe a hanya. Har yanzu masu hasashen yanayin duniya da kwamfuta suna amfani da wannan lissafi, kuma da sunansa ake kiran sa.

Maganar da ta ta da ƙura

Martin bai tsaya a kan kwalabe ba. Ya lura da abin da masu haƙar tsohuwar ƙanƙara a Antatika suka gano, cewa a zamanin da sanyi ya mamaye duniya, kimanin shekara 20,000 da suka wuce, ƙura ta yi yawa ƙwarai a sararin sama, iskar kabon kuwa ta ragu zuwa wajen kashi 190 cikin miliyan, maimakon 280 da aka sani a lokutan ɗumi kafin zuwan masana'antu. Sai ya haɗa biyun: ƙura ta kai ƙarfe tekun kudu, ciyawa ta yi yawa ta zuƙe kabon, ta mutu ta nutse da shi, duniya ta ƙara sanyi. Ya buga cikakken bayanin wannan ra'ayi a 1990.

Mutum ne mai barkwanci da son tsokana. A wata lacca da ya gabatar a cibiyar Woods Hole a watan Yulin 1988, ya shaida wa mahalarta cikin raha cewa in da za a ba shi rabin jirgin dakon mai cike da ƙarfe, da ya dawo wa duniya da zamanin ƙanƙara. Maganar ta fita daga zauren ta shiga jaridu, a daidai lokacin da aka fara damuwa da ɗumamar yanayi. Nan take wasu suka ga an sami magani mai araha: a ci gaba da ƙona mai da gawayi, a riƙa barbaɗa wa teku ƙarfe yana shanye hayaƙin.

Suka kuwa ta taso masa ta fuska biyu. Wasu masana suka ce kwalba ba teku ba ce, domin wanda ya rufe ruwa a kwalba ya raba ciyawar da manyan ƙwarin da ke cinta, don haka ba mamaki ta yi yawa. Wasu kuma suka ji tsoron ɓarnar da za a yi idan aka mai da teku gona. A watan Fabrairun 1991 ƙungiyar masana ruwa da teku ta Amurka ta yi taro na musamman a kan batun, inda ta amince a yi ƙaramin gwaji a cikin teku domin neman sani, amma ta gargaɗi gwamnatoci da kada su ɗauki wannan a matsayin mafita. Duk wannan na faruwa ne alhali cibiyar tasa ba ta da mazauni na kirki, saboda girgizar ƙasar da ta auka wa Kalifoniya ran 17 ga Oktoban 1989 ta lalata gine-ginen Moss Landing, ma'aikata suka koma zaman wucin gadi a garin Salinas.

Rasuwarsa da abin da ya biyo baya

Martin ya duƙufa wajen shirya gwajin da zai raba gardama, amma ciwon daji ya riga ya kama shi. Ya rasu ran 18 ga watan Yuni na 1993 yana da shekara 58, saura wata huɗu a tashi.

A watan Oktoba na wannan shekara abokan aikinsa, ƙarƙashin Kenneth Coale da Kenneth Johnson, suka nufi kudu da tsibiran Galapagos. Suka narkar da ƙarfe kimanin kilo 450 suka watsa shi a fili mai faɗin murabba'in kilomita 64, tare da wani sinadarin alama da zai nuna musu inda ruwan ya nufa. Nau'in gishirin ƙarfen da suka zuba ɗaya yake da wanda ke cikin ƙwayar ƙarin jini da ake ba mata a awon ciki. Ciyawar ta ninka cikin 'yan kwanaki, sai dai ruwan da aka yi wa takin ya nutse ƙarƙashin wani, gwajin ya yanke. Duk da haka an buga sakamakon a 1994, aka kuma sa sunan Martin a farkon jerin marubutan. A 1995 aka koma, wannan karo aka zuba ƙarfen sau uku. Ruwan da yake shuɗi garau ya koma kore, ciyawar ta ninka fiye da sau 20. Aka sake yi a tekun Antatika a 1999 da 2002, aka ga haka.

Ta wannan fuska Martin ya yi gaskiya. Amma game da warkar da ɗumamar yanayi, gwaje-gwajen sun nuna abin ba shi da sauƙi. A yawancinsu kaso kaɗan ne na kabon ya nutse can ƙasa, kamar yadda lissafinsa na 1987 ya nuna tun farko. A gwajin haɗin gwiwar Indiya da Jamus na 2009, ƙwarin ruwa ne suka cinye mafi yawan abin da ya tsiro. Nazarin lakar ƙarƙashin teku kuma ya nuna cewa lalle ƙura ta taimaka wajen rage kabon a zamanin ƙanƙara, amma wani kaso ne kawai na raguwar. A 2008 ƙasashen da ke cikin yarjejeniyar Landan kan zubar da shara a teku suka amince cewa ba za a yi wa teku taki ba sai don bincike na halal. Wannan bai hana wani ɗan kasuwa ɗan Amurka, Russ George, jagorantar zubar da tan 100 na gishirin ƙarfe a yammacin Kanada a 2012 ba, abin da ya jawo tofin Allah-tsine daga masana da dama. Yanzu da iskar kabon ta haura kashi 420 cikin miliyan, masu son a sake gwadawa suna nan suna ta kira.

Ƙofar da ya buɗe ta kai ga wasu ƙarafan. An gano cewa ciyawar teku na buƙatar tutiya domin kama kabon daga ruwa, tana buƙatar manganis domin fasa ruwa ta fitar da oksijin, da kobalt da ke cikin bitamin B12. Jan ƙarfe kuwa kaɗan ɗinsa amfani ne, in ya yi yawa ya zama guba. A tsakiyar shekarun 1990 aka kuma gano cewa kusan duk ƙarfen da ke narke a teku wasu sinadarai ne da halittu ke fitarwa suke riƙe da shi, su ne ke hana shi nutsewa gaba ɗaya.

Ina ruwanmu da wannan?

Tekun da ke gabanmu na cikin waɗanda suka fi kowane samun ƙura a duniya. Babbar mahaƙar ƙurar hunturu ita ce kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, wanda a da can ƙasan wani makeken tafki ne da Tafkin Chadi na yau ragowarsa ne. Abin mamaki, farar ƙurar da ke tashi daga wurin akasarinta ɓawon ciyawar ruwa ce da ta mutu a wancan tafki dubban shekaru da suka wuce. Wani nazari da masanan hukumar NASA suka fitar a 2015 ya ƙiyasta cewa tan miliyan 182 na ƙura ke barin Sahara ta yamma kowace shekara, kimanin tan miliyan 27 daga ciki na sauka a dajin Amazon, mai yawa kuma na faɗawa cikin Atilantika. A nan ne wata irin ciyawar teku mai iya kama naitirojin daga iska, wadda ke da tsananin buƙatar ƙarfe, take bunƙasa. Ƙurar da ke tsattsage mana leɓe ta sa yara tari, ita ce takin teku.

Ya kamata mu faɗi gaskiya a nan: raguwar amane a Ghana ba rashin ƙarfe ya kawo ta ba. Kamun da ya haura tan 100,000 a shekara a shekarun 1990 ya zube ƙwarai a shekarun baya, masana kuma sun ɗora laifin a kan yawan kamu fiye da kima, da amfani da fitila da ƙananan raga, da cinikin saiko tsakanin manyan jirage da kwale-kwale. Wannan ne ya sa a 2019 aka fara rufe teku na wata guda ga masu kwale-kwale. Babu wani ƙarfe da za a zuba ya maido da kifin da aka kame tun bai yi ƙwai ba.

Abin da muke so matasanmu na Zango su ɗauka daga tarihin Martin shi ne, mutumin da shan inna ta nakasa tun yana saurayi ya warware matsalar da ta gagari masana shekara 50, kuma ya fara ne da wanke kwalba da kyau. Jami'ar Ghana da ke Legon, wadda tafiyar mota ɗaya ce daga Nima, tana da sashen kimiyyar teku da kamun kifi, haka ma Jami'ar Cape Coast tana da nata. Iyaye da malamai su nuna wa yara wannan hanya, domin ƙurar tamu ce, tekun ma namu ne, ya kamata a sami namu a cikin masu auna su.